Ƙwaya Biyu da Suka Sauke Ladan

Ni ne da laifi. Gara in faɗa tun a layin farko, kafin wani ya taya ni neman uzuri. Malam Hudu, ladanin masallacin unguwarmu a Dutse, bai taɓa shan giya ba. Amma shekara biyu ya yi ana nuna shi da baki ana cewa mashayi ne, ni kaɗai na san gaskiyar maganar, na hau kanta na zauna kamar kaza a kan ƙwai.

Ku samarin da ke tsaron kemis yanzu nake rubuta wa wannan. Ina ganin yadda kuke yi. A tsira yatsa, a ɗiga jini a tsinke, na'ura ta yi ƙara, ku ce "Baba, suganka ya hau," ko ɗago kai daga waya ba kwa yi. A ganinku aikin ke nan. Karanta lamba ko ɗan aji uku zai iya. Sana'ar tana cikin tambayar da za ka yi wa mutum kafin ka taɓa yatsansa, kuma a nan ne na faɗi.

Gwajin farko da na yi da hannuna, a rigar wani Alhaji ya ƙare. Na zo Dutse shekarar da aka ƙirƙiro jiha, da takardar firamare da aji biyu na sakandare da ban ƙarasa ba. Baba Bitrus ya ɗauke ni. Mutumin Filato ne, ya yi ritaya daga ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti, ya buɗe kemis kusa da tasha. A lokacin babu na'ura. Fitsari ake dafawa. Kayan aikin su ne 'yar siririyar kwalba, da matsefin katako na riƙe ta, da fitilar sifirit, da wani shuɗin ruwa da Baba ke ɓoyewa kamar turaren amarya. Ka zuba shuɗin ruwa cokali guda, ka ɗiga fitsari ɗigo takwas, ka ɗora a wuta. In ya zauna shuɗi, lafiya lau. In ya koma kore, akwai ɗan suga. Rawaya, ya fi haka. In kuwa ya yi ja kamar jar ƙasa, to ka nema wa mutum kujera kafin ka yi magana.

Wannan Alhajin dillalin hatsi ne daga Ringim, cikin farar shadda. Na riƙe kwalba a wuta, bakinta na kallonsa, ina yi masa bayani kamar na sani. Sai ta tafasa ta yi tsartuwa, ta feshe masa ƙirji.

Ya dubi rigarsa, ya dube ni. "Yaro, na kawo maka shi a kwalba, ka mayar min da shi a riga?"

Baba Bitrus bai ɗaga murya ba. Bayan Alhaji ya tafi ya ce, "Sale, bakin kwalba bango yake kallo. Kullum bango. Bango ba shi da shadda."

Wata Hajiya kuma ta aiko da nata, na dafa, ya yi jawur. Na aika mata cewa abin ya yi nisa. Kafin yamma ta tara 'ya'yanta ta fara raba awaki. Baba ya dawo daga banɗaki ya ɗauki kwalbar da aka kawo fitsarin, ya ɗaga ta a haske. Kwalbar lemo ce, ko ɗauraye ta ba a yi ba. Lemon na gwada, ba Hajiya ba. Da ƙyar aka karɓo awakin daga hannun surukai.

Na'ura ta iso mana wajen ƙarshen shekarun casa'in, girmanta ya kai ƙaramar rediyo. Tsinkayenta ba sa son zafi, ba sa son laima, don haka gwangwaninsu a gindin randa yake kwana, a rufe gam. Ka ɗiga jini, ka ƙirga minti guda, ka goge da auduga, ka tura tsinken ciki, ka sake jira. Wani mai sayar da dabino ya zo na gwada shi, lambar da ta fito ta isa a yi wa mutum salla. Shi kuwa yana tsaye garau yana min dariya. Baba ya ce ya je ya wanke hannu da sabulu. Aka sake, lafiyarsa ƙalau. Dabinon da ke manne a yatsansa na auna. Har yau ba na tsira yatsan da ban ga an wanke a gabana ba, ko da na hakimi ne.

A wannan lokacin ne mutane suka fara ce min Likita. Da farko ina cewa a'a. Daga baya na daina cewa a'a. Daga baya kuma na ɗinka farar riga mai aljihu uku.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ita ce muguwar shekararmu. Ba wanda ya taɓa Baba Bitrus, amma 'ya'yansa suka matsa masa ya koma gida, ya bar min shago. Ma'aikata baƙi da yawa, waɗanda su ne ke zuwa gwaji duk wata, suka tattara suka tafi. Masu duba kemis suka matsa lamba, suna bi shago shago suna neman maganin tari mai sa maye da ƙwayoyin da ba a yarda irinmu su sayar ba, suna garƙame ƙofa da kwaɗo. Ƙwayar saukar da suga tana cikin waɗanda sai da takardar likita. Tawa tana ƙarƙashin benci, a gwangwanin madara.

Malam Hudu ya shigo a cikin wannan shekarar. Dogon mutum ne mai jiki, ɗinkin hula yake yi tsakanin salloli, kuma in ya kira asuba har bayan duwatsu ana ji. Yayansa ya rasu a Jahun bayan an yanke masa ƙafa saboda suga, tsoro ya kama shi. Na gwada shi, lambar ta ɗan ɗaga kaɗan, ba ta kai a kira ta ciwo ba. Amma mai farar riga ba ya sallamar mutum haka nan. Na jera masa doka: ba tuwo, ba shinkafa, ba fura, ba koko, ba burodi, ba rogo, ba dabino.

"To me zan ci, Likita? Tabarma?"

"Zogale, kabeji, ƙwai, kifi, nama, da ɗan wake kaɗan."

"Wato akuya da kyanwa za ka haɗa min a jiki ɗaya."

Ban zaci zai bi ba. Yawancin mutane kwana uku suke yi, su ce ai tuwon dawa ba tuwo ba ne. Shi kuwa ya riƙe dokar kamar farilla, wata biyar cur. Tumbi ya tafi, sai da aka rage masa wanduna. Da yake kifi ya zama abincinsa, kullum da hantsi sai ya ɗauki kwano ya nufi bayan tasha, rumfar Maman Rifkatu, wadda ta fi kowa iya farfesun tarwaɗa. Kafin shari'a ana sayar da burukutu a rumfar nan. Ta daina, amma mutane ba su manta ba. Malam bai damu ba, a fili yake zuwa, yana gaisawa da kowa a hanya.

Wata rana ya ce min, "Likita, maiɗakina ta gaji da tukunya biyu. A faɗa min magana ɗaya. Ina da ciwon nan ko ba ni da shi?"

Akwai gwajin da ke raba wannan gardama, na ga Baba ya yi shi sau biyu ko uku. Mutum ya kwana bai ci komai ba. Da safe a auna jininsa, a dama masa garin gulukos a ruwa ya shanye, ya zauna wuri ɗaya awa biyu, ba yawo ba aiki, sannan a sake aunawa a ga yadda jiki ya yi da zaƙin. Na ce zan zo in yi masa a gida. Bayan sallar asuba na same shi a zaurensa da na'urata a jaka. Baba da ɗan sikeli yake auna garin, amma ya tafi da sikelinsa. Ni da gwangwanin tumatir na auna, na cika shi ya yi tozo, har na ƙara gyara kamar mai awon gero.

Awon farko tamanin da huɗu, lafiya lau. Ya kafa kai ya shanye, ya yamutsa fuska. "Wata biyar ban ɗanɗana zaƙi ba, yau ka haɗo min na shekara guda."

Bayan awa biyu na sake tsira shi. Ɗari biyu da talatin da wani abu. Na cire tabarau na goge, kamar yadda na ga manyan likitoci suna yi, na ce, "Malam, sai haƙuri. Yana nan, ɓoyewa ya yi." Na koma shago na buɗe gwangwanin madara, na ƙulla masa ƙwaya a takarda. Biyu kowace safiya, kuma ya ci gaba da ƙaurace wa tuwo. Ban tura shi asibiti ba. Ban tambaye shi ko yana azumin nafila ba, alhali duk unguwa ta san Litinin da Alhamis ba sa wuce shi. A rana ta uku ya zo ya nuna min hannunsa yana rawa, ya ce gumi yake yi ko a inuwa. Na ce ciwon ne yake fita.

Ranar Alhamis ya haɗiye ƙwayarsa biyu da sahur, a kan ƙwai biyu da kwaɗon zogale. Ina shago ina jera sabulu aka kunna lasifika don kiran azahar. Ya fara daidai. Sai murya ta yi nauyi, kamar harshe ya kumbura. Ya maimaita wuri ɗaya sau huɗu. Ya yi shiru. Sai unguwa gaba ɗaya ta ji ladan ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Wai wane ne yake juya masallacin nan?"

Kafin in isa, ƙofar masallaci ta cika. Malam ya fito yana tangaɗi, riga ta jiƙe sharkaf, hula a hannu. Liman ya kama kafaɗarsa, ya ture Liman, shi Malam da ko akuya bai taɓa yi wa tsawa ba. Ɗaya daga samarin da ke sa ido a kan masu shaye-shaye ya matso ya sunsuni bakinsa, ya ja da baya.

"Wallahi wari yake!"

"Dama kullum yana bayan tasha da kwano."

"Ashe ba romo kaɗai ake zuba masa ba."

Ni kallo ɗaya na yi masa na gane. Suga ne ya faɗi ƙasa warwas. Mai wannan hali gumi yake yi, ya yi rawar jiki, ya yi surutai, ya yi faɗa, sak mai maye. Na fizgi lemon kwalba a teburin mai shayi, na zaunar da shi, na kafa masa a baki. Yana turewa yana cewa, "Ina azumi, ina azumi." Wani daga baya ya ce, "Azumi da giya, sabon salo!" aka kwashe da dariya. Na samu ya haɗiya. Ku riƙe wannan: in mutum yana iya haɗiya, ku ba shi zaƙi nan take. In ba ya iyawa, kada ku ɗura masa komai, ku shafa masa zuma ko suga a dasashi ku ruga asibiti.

Minti goma ya dawo hayyacinsa, yana kallon mutane yana tambayar me ya faru. A cikin minti goman nan, ina riƙe da shi kamar mai taimako, na zura hannu a aljihunsa na zare ƙullin ƙwayar, na sa a nawa.

Liman ya juyo gare ni a gaban kowa. "Likita, kai ka san jiki. Me ya same shi?"

Na tuna kwaɗon da na gani a ƙofar kemis biyu a satin nan. Na ce, "Allah gafarta Malam, Allah ne masani."

Ba a yi masa bulala ba, don ba wanda ya gan shi yana sha, kuma ya rantse. Amma dattawan masallaci suka zauna suka ce ya huta tukuna. Aka ba wani mai murya kamar injin niƙa ladancin. Yara suka sa masa Malam Tangaɗi. Masu kawo ɗinkin hula suka ragu. Ya koma sahun ƙarshe, kusa da takalma, yana idar da salla ya fice. Ni kuwa na bi shi gida a ranar da abin ya faru na ce a tuƙa masa tuwo, kuma ƙwayar ta gama aikinta, kada ya nemi wata. Bai tambayi inda ƙullin ya shiga ba. Shi a zatonsa iska ce ta taɓa shi, ya yi ta shan rubutu. Bayan sati guda ya kawo min ƙwan zabbi a ƙwarya, ya ce ba don ni ba da ya mutu a ƙofar masallaci. Na karɓa. Na dafa, na ci da yaji.

Shekara biyu aka yi a haka, Malam ya koma kan zogalensa da kifinsa, sai dai yanzu aike yake yi a sayo masa.

Sai Baba Bitrus ya zo Dutse tantance 'yan fansho, ya sauka a shago. Muna cin gyaɗa na ba shi labarin, amma na ce wani abokina ne mai kemis a Garki ya yi.

"Abokin nan naka, sunansa Sale?"

Na ci gaba da ɓare gyaɗa.

"Kwana nawa mutumin ya ci tuwo kafin gwajin?"

"Ai wata biyar bai ci ba, Baba."

Ya ajiye gyaɗar. "Kai! Ka gan ni ina yin gwajin nan, ba ka taɓa jin abin da nake faɗa wa mutane kafin ranar ba? Kwana uku sai sun ci tuwo sun ƙoshi, safe da dare. Jikin da ya daɗe bai ga tuwo ba ya manta yadda ake karɓar zaƙi. Ka zuba masa gulukos, dole lamba ta tashi, ko lafiyarsa ƙalau. Kamar ka tashi mai barci ne ka ce ya yi tsere da keke. Da me ka auna garin?"

"Gwangwanin tumatir."

Baba ya dafe kai. Ya ce warin da aka ji a bakin Malam ma ba baƙon abu ba ne, duk wanda ya bar hatsi ya koma nama da ganye, bakinsa kan yi wani wari kamar 'ya'yan itacen da suka fara ruɓa, balle ga azumi. Ya ce, "Ka kai shi asibiti a gwada shi kamar ɗan Adam. Sauran kuma ba aikin asibiti ba ne, ka san inda ake yinsa."

Na je na ce wa Malam za a sake gwaji, amma sai ya yi kwana uku yana cin tuwo. Ya ce, "Likita, in wasa kake ka bari, zuciyata ba za ta ɗauka ba." Maiɗakinsa ta gaya wa matata cewa a daren farko malmala huɗu ya tashi da ita, da miyar kuka, bai yi magana da kowa ba sai da ya suɗe kwano. A rana ta huɗu muka hau mota zuwa babban asibiti. Aka auna gari a sikeli, aka ba shi, muka zauna awa biyu. Ma'aikaciyar ta duba takarda ta ce, "Baba, ba ka da ciwon suga. Ka dai rage zaƙi, ka riƙa tafiya a ƙasa. Wa ya ce kana da shi?"

Ya nuna ni da haɓa, yana murmushi, don har lokacin bai san komai ba.

A ƙarƙashin dogonyaron bakin asibiti na faɗa masa duka. Gwangwanin tumatir, da ƙwayar da ba ni da ikon bayarwa, da hannun da na sa a aljihunsa, da amsar da na ba Liman. Bai katse ni ba. Da na gama ya juya hularsa a hannu.

"Ƙwan zabbin nan da na kawo maka, ka ci?"

"Na ci, Malam."

"Duka?"

"Duka."

Ya gyaɗa kai. Na fara cewa ya yi haƙuri, ya ɗaga hannu. "Dakata, Sale." Ranar ce ta farko da ya kira sunana. "A nan za ka ba ni haƙuri, daga ni sai kai sai bishiya? Ranar da na lalace, har matan da ke cikin ɗaka sun ji. Ni ba na riƙe ka da komai. Amma sunana ba a hannuna yake ba, yana bakin mutane. Can za ka je ka karɓo min shi."

Abin da ya biyo baya gajere ne. Maganar ta kai kunnen masu duba kemis, suka rufe min shago wata uku, suka tafi da gwangwanin madara. Farar rigata, matata ta yanka ta, ta yi tsumman goge fitila da ita. Malam kuwa, ku da kuka tashi a unguwar nan, muryarsa ce ta riƙa tashinku asuba kuna ƙunƙuni.

Amma a ranar ban san ko ɗaya daga wannan ba. Bayan sallar la'asar na miƙe kafin mutane su watse, na roƙi Liman ya sa a kunna lasifika. Ya ce sanarwar rasuwa ce? Na ce a'a, ta fi kusa da ta ɓatan kaya. Aka miƙo min abin maganar. Malam Hudu yana can baya kusa da takalma, ya sa ƙafa ɗaya a waje. Na ce:

"Jama'a, Sale mai kemis ne ke magana. Ni ba likita ba ne, ban taɓa zama ba. Malam Hudu bai sha giya ba. Ƙwaya na ba shi ta ciwon da ba shi da shi, ya sha yana azumi, ita ta kayar da shi. Ni na hana shi tuwo, ni na sa shi zuwa sayen kifi. Liman ya tambaye ni a ƙofar nan, na ce Allah ne masani, alhali ni ma na sani, shagona na ji wa tsoro. Duk wanda ya kira shi da wani suna, ni na sa masa shi a baki. Malam, na cuce ka da ƙwaya kwana huɗu, na cuce ka da shiru shekara biyu. Don Allah ka yafe mini."